Ado daga Fas, ulu daga Shetland: amsoshin masu saƙa

Tun da iskar hunturu ta fara leƙowa wasiƙun masu saƙa suka yi yawa. Na ware guda biyar da maganarsu ta zo ɗaya: mutum ya je wani gari, ya ga ado ya kwanta masa, ya dawo yana so ya zuba shi cikin saƙa mai launi-launi, amma bai san abin da ya kamata ya saya ba. Don kada mu ruɗa juna, duk inda na ce ido ina nufin madauki ɗaya da ke kan tsinken saƙa, layi kuwa shi ne jerin idanun daga wannan gefe zuwa wancan.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Anti. A watan Maulidin da ya wuce na bi ayarin ziyara zuwa Fas. Bayan mun fito daga zawiyar Shehu Tijjani aka kai mu wata tsohuwar makaranta da ake ce wa Attarin, bangonta duk ƙananan tayil ne, taurari a cikin taurari. Hoton da na ɗauka ya fi hamsin. Ina so in saƙa wa 'yata rigar sanyi da wannan adon. Na ƙirga kala tara a hoto ɗaya, mai shagon ulu kuma ya ce duk yana da su, in ɗauki ƙulli bibbiyu kafin su ƙare. In saya?
Wata uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya karɓi ziyara. Mayar da kuɗinki jaka tukuna. Mai shago sana'arsa yake yi, ba laifinsa, amma ƙulli goma sha takwas da kika kwaso yau, rabinsu a leda za su tsufa.

Wancan bango da kika gani, tun wajen 1325 aka gama shi, a zamanin sarakunan Banu Marin. Mai yin tayil ɗin guduma gare shi mai kaifi, yana sare kowane guntu yadda ya so, mai kusurwa uku, mai biyar, mai kamar ƙwayar dabino, kowane guntu kuma da launinsa. Ke kuwa abin da kike da shi gidaje ne ƙanana a jere, da hannu biyu. Shi ya sa matan Fair Isle, wani ɗan tsibiri a arewacin Sikotland da mutanensa ba su kai ɗari ba amma sunansa ya bi irin wannan saƙa ko'ina a duniya, suka tsaya a kan ƙa'ida ɗaya: launi biyu kacal a kowane layi. Za ki ga rigarsu da kala biyar ko shida ki rantse sun yi ta fama da zaruruwa, alhali canzawa suke yi daga layi zuwa layi. Dalilin a bayan saƙar yake. Duk launin da ba ya aiki a wannan idon, ta baya yake ratsawa har a sake bukatarsa. Idan zare uku ko huɗu suka riƙa bin baya tare, rigar ta zama bargo, ta ƙi miƙewa, ƙullayen kuma su yi ta sarƙewa har ki tsani aikin.

To a cikin tara ɗin nan waɗanne za ki riƙe? Buɗe hoton a wayarki ki mayar da shi baƙi da fari. Za ki ga abin mamaki: koren Fas da shuɗinsa, da suke ihu daban-daban a bango, sun koma toka iri ɗaya. Haka za su yi a saƙa idan kika ajiye su kusa da juna, daga nesa tauraron ya ɓace, ya zama dama-dama. A saƙa, bambancin haske da duhu ne ke fito da zane, ba bambancin kala ba. Wannan gwaji ki yi shi a shagon ma: jera ƙullayen a kan kanta, ɗauki hoto, cire masa launi. Duk biyun da suka yi kama, ɗaya ya koma kan shiryayye.

Da ni ce, huɗu zan ɗauka. Ruwan madara ya zama ƙasa. Shuɗi mai duhu ya ɗauki zanen. Kore ya karɓi zanen a wasu layuka don ido ya huta. Ruwan zuma kuma layi ɗaya tak a tsakiyar kowane tauraro. Wannan dabarar layi ɗaya mai haske a tsakiya ita ce sirrin matan Shetland, tarin tsibiran da Fair Isle ke cikinsu, da ita tauraron yake zama kamar an kunna fitila a cikinsa. Ki sayi ƙulli ɗaiɗai kawai a yanzu.

Sai zanen. Nemo takarda mai gida-gida, irin ta littafin lissafin yara, kowane gida ido ɗaya. Kada ki ce za ki kwashe bangon duka. Zaɓi tauraro ɗaya mai tsini takwas da ɗan abin da ya raba shi da maƙwabcinsa, ki bar sauran ga masu bango. Kuma ki kwantar da hankalinki, tauraro mai tsini takwas yana zama daram a saƙa. A Selbu ta ƙasar Norwe, wata budurwa mai suna Marit Emstad ta saƙa shi baƙi a kan fari a safar hannu a 1857, ta sa ta je coci, garin duka ya ɗauka, har yau da shi ake gane saƙar Norwe. Layin da ya miƙe, da wanda ya kwanta, da wanda ya hau kamar matakala ido ɗaya layi ɗaya, waɗannan ukun saƙa tana son su. Duk layin da ya karkata wani iri dabam, kamar na taurari masu tsini goma sha biyu, zai fito da haƙora sai dai idan zanen ya yi girma ƙwarai.

Abu biyu ki kula da su a takardar. Na ɗaya, ido ba murabba'i ba ne, ya fi faɗi a kan tsayi. A saƙa mai launi ɗaya za ki iya samun ido 22 da layi 30 a santimita goma, sai da'irar da kika zana ta fito kamar an zauna a kanta. A mai launi biyu yakan matso kusa da murabba'i, amma hannun kowa da nasa, sai kin auna. Na biyu, kada launi ɗaya ya yi tafiyar da ta wuce ido biyar, ko bakwai in ya yi yawa, ba tare da ɗayan ya leƙo ba. Idan kika ga fili mai faɗi a zanen, ɗiga masa ido ɗaya na ɗayan launin a tsakiya, ko ki riƙa maƙale zaren bayan yayin da kike wucewa.

Kafin riga, saƙa wa yarinyar hula da zanen. Hular ita ce gwajinki, kuma ba asara, za ta sa abinta. A ce kin auna kin samu ido 28 a santimita goma, kina son zagayen hular ya zama santimita 50: ido 140 ke nan. Tauraro mai faɗin ido 20 zai zagaya sau bakwai cif. In mai 24 ne, ba zai rabu daidai ba, sai ki koma 144 ya zagaya sau shida. Wannan ɗan lissafin a yi shi tun a takarda, don ba abin da ya kai rabin tauraro a ƙeya muni. Ki kuma tsayar da hannu ɗaya ga kowane zare: wanda ke fitowa ta ƙasa idonsa yakan ɗan fi tsayi, ya fi fitowa fili, to shi za ki ba zanen, kada ki sauya a tsakiyar aiki.

Kin gama hular, kin wanke, ta bushe, kin ajiye ta a ƙarshen ɗaki kin hango tauraron sarai? To yanzu koma wurin mai shago. Sayi duk abin da rigar za ta ci a rana ɗaya, ki duba lambar rinin da ke jikin takardar kowane ƙulli ta zama ɗaya, ki ƙara ƙulli guda na ruwan madarar. Shuɗin wannan wata da na wata mai zuwa sunansu ɗaya, tukunyarsu daban, kuma a tsakiyar ƙirji bambancin zai fito.

Tambaya ta biyu

Anti ina wuni. Ina karatu a Aberdeen ta Sikotland, zan zo hutu a Disamba. Mamana a Jos take, ta iya saƙa sosai amma duk rayuwarta ulun kasuwa take amfani da shi. Ina so in kawo mata tsaraba ta gaske. A shago an nuna min ulun Shetland, na taɓa na ji yana da kaushi, an kuma nuna min na tunkiyar merino mai laushi kamar auduga wanda aka ce ana wanke shi a inji, amma ya fi tsada. Wanne zan ɗauka, kuma nawa?
Ɗiyarki, ɗaliba

Lafiya lau ɗiyata, Allah ya yi albarka, ya ba da sa'ar karatu. Kin je gidan abin, don daga Aberdeen ɗin nan jirgin ruwa ke tashi da yamma ya kwana a hanya ya wayi gari a Lerwick, babban garin Shetland.

In dai saƙa mai launi-launi Mama za ta yi, na Shetland ɗin za ki ɗauka, kuma kaushin da ya sa kika janye hannu shi ne amfaninsa. Gashin tumakinsu yana da ƙananan ƙaya da ke kama juna. Idan aka wanke saƙar sau ɗaya sai idanun su rungumi juna, inda hannu ya ɗan matse da inda ya saki duk su daidaita, zanen ya kwanta kamar an buga shi. Har ma sukan saƙa riga a zagaye kamar buhu, su sa almakashi su tsaga gabanta da wurin hannu, ba ta warwarewa. Merinon da aka yi wa maganin wankin inji an goge masa waɗannan ƙayoyin, shi ya sa yake santsi. Santsin yana da daɗi a wuya, amma kowane kuskure a fili yake zama, yana kuma saki bayan wanki, rigar ta ƙara tsawo.

Kamfanoni biyu ne aka fi sani, kuma sunayensu na ruɗa baƙo. Jamieson & Smith na Lerwick suna da wanda ake saƙa riguna da shi, ƙullin giram 25 mai tsawon mita 115. Jamieson's of Shetland, masu masaƙa a Sandness, nasu sunansa Spindrift, giram 25 mita 105, launinsa ya haura 200. Kusan kaurinsu ɗaya, ana haɗa su a aiki guda. Ƙanƙantar ƙullin da gangan ne, don mai saƙa ta iya sayen kala shida ba tare da ta tara saura ba.

Kada ki fara da kayan riga. Rigar babba takan ci wajen giram 350 zuwa 450, in kuma Mama ta ji ulun yana yi mata ƙaiƙayi, kin yi asara mai nauyi. Ɗauki ƙulli takwas zuwa goma: uku na launi mai haske ɗaya, uku na mai duhu ɗaya, sauran ɗaiɗai na kwalliya. Hula biyu da safar hannu za su fita har da saura. Kuma kada ki zaɓi kala da ka. Ɗauki hoton da ya fi tuna miki garin, ko da tokar duwatsun gine-ginen Aberdeen ce da ruwan teku da ɗorawar furen daji, ki jera ulun a kansa. Mama ba ta je ba, amma za ta saƙa inda 'yarta take zaune.

Abin da ya fi ulun muhimmanci, kuma 'yan tsaraba suke mantawa: tsinke. Wannan zare siriri ne, tsinken milimita 3 ko 3.25 yake so, na Mama kuwa mai yiwuwa masu kauri ne. Sayo mata tsinke mai igiya, wanda kawunansa biyu ke haɗe, ɗaya mai santimita 40 na hula, ɗaya mai 80, da saitin gajeru masu baki biyu na rufe saman hula. Saƙa a zagaye tana sa fuskar aikin kullum tana kallonki, zanen ba ya ɓace miki. Ki sa su a babbar jaka ta awo, kada ki tsaya gardama da masu bincike a filin jirgi.

Sai gargaɗi, ki karanta mata da bakinki. Ulun tunkiya ba ya shiri da wankinmu. Ruwan zafi, garin sabulu mai ƙarfi, cuɗawa da murɗewa, rana ɗaya hular babba za ta koma ta jariri, ta yi tauri kamar darduma, kuma ba ta dawowa. Ruwan sanyi, ɗan sabulun wanke gashi, a jiƙa a matse a hankali cikin tawul, a shimfiɗa a inuwa. In gidan akwai mai kwashe wanki gaba ɗaya ta zuba a baho, a ɓoye hular. Idan sanyi ya wuce a wanke, a bushe sarai, a ɗaure a leda, don asu ba ya taɓa ulun roba amma wannan abincinsa ne.

Na yarda da wannan tsaraba ne don Jos ce, inda daren hunturu kan sauko ƙasa da digiri goma. Da Sakkwato kika ce min, da na ce ki kawo tsinken kawai.

Tambaya ta uku

Hajiya barka da aiki. Ina sana'ar saƙa kayan jarirai da rigunan sanyin 'yan makaranta da keken saƙa, amma nawa launi ɗaya yake yi sai ratsi. Mun je biki Agadas, na ga zanen da ke jikin kayan fata da azurfar Buzaye, na ce da zan sa irinsa a kayan jarirai da na fita daban a kasuwa. An kawo min keke na hannu mai amfani da kati, an ce na kamfanin Brother ne. Ya cancanci kuɗinsa?
Mai sana'a daga Zariya

Barka kadai ƙanwata. Tunaninki na kasuwa daidai ne, kuma kin yi sa'ar wurin da kika ɗauko adon. Zanen Buzaye kusurwoyi ne, da ɗigo, da zubin lu'ulu'u, da layi mai hawa da sauka, duk abin da gidajen saƙa ke karɓa ba musu.

Amma ki san iyakar keken tun kafin ki biya. Mai kati faɗin zanensa ido 24 ne, yana maimaita shi daga gefe zuwa gefe. Duk abin da za ki zana sai ya zama ido 24, ko abin da ke raba 24 daidai: 2, 3, 4, 6, 8, ko 12. Tsayi kuwa yadda kika so, ana haɗa kati da kati. Launi biyu yake ɗauka a layi, inda aka huda da inda ba a huda ba. Wannan abin wuyan azurfa na Agadas da kowa ya sani, mai zobe a sama da hannuwa, zai shiga 24 amma a daddafe, zoben zai yi kusurwa. Ƙananan zanen bakin jakar fata sun fi shi kyau a kayan jariri, ido shida ko takwas, ana maimaitawa.

Ki kuma tambayi wane iri ne. Mai allura 200 da tazarar milimita 4.5 zare siriri yake ci. Mai tazarar milimita 9 na zare mai kauri ne. In ulun da kike samu a Sabon Gari mai kauri ne kika sayi na farko, kullum cikin cijewa zai kasance.

Brother sun daɗe da daina ƙera keken saƙa, saboda haka duk wanda aka kawo miki tsoho ne, ko da an goge shi yana walƙiya. Wannan ba aibu ba ne, ƙarfe ne mai jure wahala, amma ba a sayensa a rufe. Silver Reed har yanzu suna yin mai kati, SK280, in kina son sabo. Je da ulunki, ki ce a saƙa miki layi hamsin da kati a gabanki. Zaro dogon ƙarfen da ke danne allurai ki duba soson jikinsa. Ni na taɓa sayen keke wurin wani dillali, na yi mako biyu ina zargin hannuna, idanu na ta zubewa, ashe soson ne ya narke ya zama kamar ƙanzo. Canza shi ba tsada, amma hujja ce ta rage kuɗi. Bi allurai ɗaya bayan ɗaya ki ga harshen kowace yana buɗewa yana rufewa. Tura kan keken ki ji ko yana tafiya sumul, ki ga katin yana matsawa layi ɗaya a kowace wucewa. Sannan ki tabbata an haɗa miki da abin huda kati da fararen katuna. In babu abin hudawa, zanen mutanen Japan da ya zo da keken kawai za ki yi ta yi, Agadas ɗinki tana cikin waya.

Magana ɗaya da ba na sassautawa a kanta: zaren baya a kayan jariri. Yatsan jinjiri yana shiga ƙarƙashinsa lokacin sa riga, ya naɗe, uwa ba ta lura ba. A hannun riga da safa kada ki sa zane ko kaɗan, ratsi ya isa. A ƙirji da hula, kada zaren bayan ya wuce ido uku. Zana katinki da wannan a rai tun farko.

Idan keken ya ci wannan jarrabawa, saya. In mai shi ya ce ba a gwadawa sai an biya, bar masa kayansa.

Tambaya ta huɗu

Anti na dawo daga Umra. Ina so in saƙa wa jikana farar riga da koren kubbar Madina a ƙirji, da ɗan rubutun Larabci a ƙasa. Wane ulu zan saya, kuma a Kano zafi ba zai dame shi ba?
Kaka daga Kano

Hajiya sannu da dawowa, Allah ya maimaita mana. Rubutun dai a bar shi. Rigar yaro tana shiga banɗaki, tana shan tuwo da majina, tana kwana a ƙasa. Aya ko sunan Allah ba nan ne wurinsu ba.

Kubbar kuma ba da zaren baya ake yin ta ba, don abu ne guda a tsakiyar fili. Hanya mafi sauƙi: saƙa rigar fara tas, sannan ki zura koren a allurar ɗinki mai dakusasshen baki, ki bi kan idanun ɗaya bayan ɗaya kina rufe su da shi, kina bin zanen takardarki. In ya karkace, zarewa kawai za ki yi, rigar ba ta san an yi ba. Ƙulli ɗaya na kore ya isa har ya yi saura. Amma da za ki ji tawa, bakan masallacin masu ratsin fari da duhu sun fi kubba daɗin saƙawa, a jera su a bakin rigar su zagaya.

Don Kano, zaren auduga. Kada ki ɗauka bidi'a ce a saƙa: cikin tsofaffin saƙar tsinke da aka tono a duniya akwai safunan Masar na wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, na auduga, fari da shuɗin baba irin na Ƙofar Mata, da zane mai kyan gaske. Sai dai auduga ba ta da ja-da-baya kamar ulu, tana gajiyar da yatsu, tana da nauyi. Wadda aka gauraya da ulun roba ta fi sauƙin hannu.

Kafin kore ya taɓa fari, yanki ɗan zare ki jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu, ki naɗe shi a farin ƙyalle ya kwana. Na taɓa kai farar riga mai jan zane gidan suna, wankin farko ta koma ruwan hoda, kuma jaririn namiji ne.

Tambaya ta biyar

Malama, ni namiji ne, direban babbar mota, ina saƙa huluna in muna jiran lodi, abokai na ta yi min dariya. Ina ganin zane a masallatai da gidajen sarauta daga Damagaram har Ngaundere. An ce min akwai manhajar waya da ake biya tana mayar da hoto zanen saƙa. In biya? Kuma in na kwaikwayi hular da na saya a wani gari na sayar, akwai laifi?
Direba daga Maraɗi

Malam, masu dariya su leƙa tarihin gidansu. Masaƙa da masu ɗinkin aska takwas a babbar riga yawancinsu maza ne tun kaka da kakanni. A tsibirin Taquile da ke tafkin Titikaka a Peru kuwa, saƙar tsinke aikin maza ce, yaro tun yana ƙarami yake koyon saƙa hularsa mai zane, kuma UNESCO ta sa sana'ar tufafin tsibirin cikin gadon ɗan Adam a 2005.

Kada ka biya. Manhajar da ke juya hoto ba ta san ƙa'idar launi biyu ba, ba ta san zaren baya ba. Za ta ba ka kala ashirin a warwatse, ka ɓata dare uku kana sharewa. In kana son allo, shafin intanet na Stitch Fiddle yana da ɓangaren kyauta da za ka cike gidajen da kanka. Amma ga mai zama a tasha, inda caji ke wahala, littafi mai gida-gida da fensir da abin gogewa sun fi. Tsaya gaban bangon ka zana a nan take, ka rubuta sunan garin a ƙasa. Hannu yana zubar da abin da bai zama dole ba tun a wurin, hoto kuwa komai yake kwasowa. Ka fara da dagi, za ka ga yadda layukansa masu hawa kamar matakala suke faɗawa gidajen da kansu.

Batun kwaikwayo, akwai bambanci tsakanin zanen da ya zama na kowa, kamar dagi ko tauraro, da tsarin da wani ya zauna ya haɗa da kansa. A 2015 ma'aikatan Chanel, babban kamfanin tufafi na Faransa, suka je Fair Isle suka sayi riguna wurin wata mai saƙa, Mati Ventrillon, sai ga kusan irinsu a bikin nuna kayan kamfanin. Ta yi magana, kamfanin ya ba da haƙuri ya kuma ambaci sunanta. Hular da ka saya, ɗauki tsini ɗaya ko haɗin kala daga jikinta ka gina taka. In kuwa ita ɗin kake so sak, koma wurin mai ita ka saro dozin, kana da mota, ka ci ribar dako.

Ulun kuwa, tunda hular direba wanki take sha, na roba ya fi maka. In mai shago ya rantse maka nasa gashin tunkiya ne yana neman ƙarin kuɗi, ciri ɗan zare ka kusanta shi da ashana a waje, nesa da tankin mota. Na tunkiya warin ƙonannen gashi yake yi, ya bar toka mai murƙushewa a yatsa. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri.